Ƙunshin Kifin Malam Mamman Mai Fitila

Ranar Talatar makon jiya da hantsi, ina ofis ina jera takardun da maigidana zai shiga zaman majalisa da su, sai masinja ya leƙo ya ce wani dattijo yana sallama da ni a waje. Na fita na tarar da Malam Iro tela, maƙwabcinmu na tsohuwar unguwa a Ƙofar Ƙwaya, yana riƙe da kekensa, ko jingine shi bai yi ba. Mutumin da in ya fara gaisuwa sai ya tambayi har awakin gida, ranar kalma biyu ya yi ya tsaya. Sannan ya ce, "Lawal, sai haƙuri. Malam Mamman mai fitila lokaci ya yi, bayan ya idar da sallar asuba. Ƙarfe sha ɗaya za a kai shi."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na maimaita har sau uku. Amma tunda don gaskiya na ɗauki alƙalami, bari in fara da ita. Kafin baƙin ciki ya iso zuciyata, wani abu ya riga shi isowa, wani sauƙi ne kamar an sauke mini kaya daga ka. Zuciyata ce ta raɗa mini cewa shi ke nan, ba zai ƙara tambayata kyanwarsa ba. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan lokacin ba, kuma har yau da nake rubutun nan kunyar ba ta sake ni ba.

Waɗanda ba su san shi ba, Malam Mamman aminin marigayi mahaifina ne. Gidansa na kallon namu, zaurensa kuma shi ne wurin aikinsa. Duk fitilar da ta yi gardama a unguwar can ake kai ta: fitilar ƙwai da gindinta ya huje tana zubar da kananzir, aci-balbal ta tsofaffi, da fitilar gas mai famfo da ake arowa in za a yi walima. Zai ɗaga ta ya kalli gindinta, ya shinshina, ya girgiza ta kusa da kunnensa kamar likita, sannan ya faɗi ciwonta kafin ya kwance ko da ƙusa ɗaya. Ya kan narka dalma ya toshe huji, ya datse lagwani da almakashi a hankali kamar mai yi wa jariri aski. Yana yawan cewa, "Fitila ba ta ƙarya. In lagwaninta ya karkace, hayaƙi zai hwaɗa."

Ba fitila kaɗai ba. Ƙyauren da ya sauka yana jan ƙasa, sakatar da ta ƙi shiga, kwaɗon da mabuɗinsa ya karye a ciki, indararon da ya toshe, duk Malam Mamman ne. Bayan rasuwar mahaifina, damina ba ta taɓa kama gidanmu ba tare da ya zo da tsaninsa ya hau ya duba rufin ba, ba kuma kiransa ake yi ba. Kayan aikinsa suna rataye a bangon zaure, kowanne da ƙusarsa, ya zana siffar kowanne da gawayi a jikin bangon: nan guduma, nan zarto, nan filaya, nan awartaki. In ka ari abu, zanensa zai zauna fayau yana jiranka, duk mai wucewa ya san akwai wanda bai dawo da aro ba. Bai taɓa hana kowa ba, bai kuma taɓa aikawa a karɓo ba. Iyakarsa ya ce, "Tahi da shi, amma ka dawo mani da shi da mai a jikinshi."

Zauren nan majalisa ce. Bayan la'asar dattawa kan taru, hirar kuwa ba ta wuce ta yau da gobe: wane yaɓe ne ya fi jure ruwa, me ya sa kananzir ɗin bana yake hayaƙi, me ake ba akuyar da ta ci leda. Da aka fara maganar sojoji za su koma bariki a miƙa wa farar hula mulki, hira ta koma can, kowa ya zama masani. Shi dai Malam yana goge ƙwan fitilarsa yana murmushi. Da aka matsa masa ya faɗi nasa, sai ya ce, "Na ga masu kaki, na ga masu babbar riga, na sake ganin masu kaki. Duk cikinsu ba wanda ya hana ni aiki. In dai za a ɗauke wuta, ni da gwamnati ba mu da rigima."

Sai kuma Lagwani. Wata kyanwa ce fara siririya, bakin jelarta baƙi kamar lagwanin da aka hura, shi ya sa ya raɗa mata sunan. A kwata ya tsince ta tana 'yar mitsitsiya, ido ya manne da ciwo, ya dinga wanke mata da ruwan ɗumi da gishiri har ta buɗe. Allah bai bar masa ɗa a raye ba, shi da matarsa Inna Dije su biyu ne a gidan, Lagwani ce ta ukunsu. Tana da tsohon murfin fitila da ya mayar mata kwanon ruwa. Ba ya kai loma baki sai ya ɓare mata busasshen kifi ya cire ƙaya. Abokansa suna tsokanarsa wai ya yi amarya mai gashin baki, shi kuwa ya ce, "Abin da ba ya iya cewa yunwa nike ji, shi ake hwara ba."

Da mulki ya dawo hannun farar hula, ni ma tawa ta kama. Ina ƙaramin akawu, wani da muka yi makaranta tare ya ci zaɓe ya ɗauke ni in riƙa kula masa da takardu. Cikin 'yan watanni na bar gidan gado na kama sabon gida mai rufin kwano a wajen Ƙofar Kaura, na sa kujerun kushin, na sayi janareta, na samu 'yar mota. Ranar da na tare, Malam Mamman ya zo a ƙafa da jakar kayan aikinsa, ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya yana buɗewa yana rufewa, ya gyara biyu, ya kuma ajiye mini fitilar ƙwai wadda ta kasance ta mahaifina, ya wanke ta tana ƙyalli. Na yi dariya na nuna masa janareta. Ya ce, "Aje ta dai, Lawali. Ita ba ta san layin mai ba." Na karɓa na jefa ta bayan buhunan sito.

A tsakiyar daminar nan ne ya hau tsani zai gyara indararon gidansa, ƙafa ta zame, ya faɗo ya karye a ƙugu. Aka kwantar da shi asibiti, Inna Dije ta tare can tana jinya, gida ya zama sai kwaɗo. Da na je duba shi, yana kwance ko juyawa ba ya iyawa, bai yi mini maganar ciwonsa ba. Ya kamo hannuna ya ce, "Lawali, amana zan ba ka. Lagwani. Gidan Iro akwai tantabaru, ba ta zama can. Ka tahi da ita wurinka har in tashi. Ba ta da wahala, ruwa mai tsabta da ɗan kihi, sai kau a riƙa yi mata magana." Na ce, "Haba Baba, wannan har wani abu ne? Ka ɗauka tana gidanku." Har da bugun ƙirji na faɗa.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a gidana. Ba ta saba da wurin ba, tana ta kuka tana bin ƙofofi, in an tayar da janareta ta shige ƙarƙashin gado. Ta ja zaren kushin ɗina da farce. Wannan duk na shanye. Ranar wata Asabar maigidana ya ce zai biyo da abokansa su ga sabon gida. Matata Binta ta soya kaji, aka shimfiɗa a falo. Ana cikin ci sai ga Lagwani ta fito ta ɗare cinyar wani babban baƙo, ta bar masa sawun ƙafa a farar shadda. Mutumin bai ma yi fushi ba, dariya ya yi ya ce, "Lawal, ashe ka baro cikin gari amma cikin gari bai baro ka ba." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Washegari bayan azahar, rana tsaka, da hankalina da komai, na sa ta a buhun shinkafa na ɗaure baki. Na ce wa Binta an sallami Baba, zan mayar masa da abarsa. Na ɗauki hanyar Kano, na yi ta tafiya har gidaje suka ƙare, gero ya rufe gefen titi hagu da dama. Na tsaya na kwance buhun. Ba ta gudu ba. Ta fito ta zauna a bakin kwalta tana kallona, ni kuma na shiga mota na juya. Na san abin da malamai suke faɗa game da wanda ya zalunci kyanwa, tun ina ƙarami na san shi. Sanin bai hana ni ba. Saboda sawun ƙafa a rigar wani na yi wannan, mutumin da yau in ya gan ni a hanya sai an tuna masa sunana.

Bayan wasu makonni aka sallami Malam. Bai ƙara takawa ba, aka shimfiɗa masa katifa a zauren nan nasa, ƙarƙashin kayan aikinsa, inda zai riƙa ganin mutane. Na je gaishe shi ranar Juma'a, na shirya ƙaryata tun daga gida. Bayan mun gaisa, tun bai tambaya ba na ce, "Baba, Lagwani fa a bar mana ita tukuna har ka ji ƙarhi. Ta saba, har ƙiba ta yi." Ya daɗe yana kallona. Na ɗauka ciwo ne. Can ya ce, "To, Lawali. Allah shi saka da alheri." Ya laluba ƙarƙashin matashinsa ya ciro wani ƙunshi a takarda, busasshen kifi ne an ɓare an cire ƙaya tas. Ya ce, "Ka kai mata. Ka ce ina gaishe ta."

Haka muka yi ta yi duk Juma'a har kusan wata uku. Ina zuwa bayan an sauko daga masallaci, in zauna, ya tambaye ni rufina ko yana yoyo, ya ce in riƙa ɗiga wa kwaɗon ƙofa mai kafin ya ci tsatsa, ya koya mini yadda ake gane kananzir ɗin da aka gauraya. Daga nan sai ya ce, "Ya mutuniyar?" Ni kuma in buɗe baki in zuba: ta kama ɓera jiya, ta kwana a kan kushin, ta fara sabawa da janareta. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ni kuwa kullum sai na kai masa sabon fure. Yana saurare yana gyaɗa kai, in zan tashi ya miƙo ƙunshin. A gida kuma in ba Binta in ce Baba ne ya ba mu tsaraba. Ta kan zuba a miyar kuka. Da hannuna na ci kifin da gurgu ya zauna ya cire wa ƙaya saboda kyanwar da na yar a daji, har ina cewa miya ta yi daɗi.

Sau ɗaya ina zaune na ji kamar kukan kyanwa daga cikin gida. Na waiga. Kafin in daidaita kunne sai Malam ya kama tari, ya ce, "Ƙaro mana muryar rediyon nan mu ji mi 'yan majalisarku ke cewa yau." Na ƙara, na ce a raina ta maƙwabta ce.

Juma'ar ƙarshe da na gan shi ya rame ƙwarai, murya ta yi ƙasa. Babu kowa a zauren sai mu biyu. Ya sa na sauko masa da wata fitila da aka kawo gyara tun kafin ya faɗi, ya ɗora ta a ƙirji yana goge ƙwanta da tsumma. Bai kalle ni ba ya ce, "Lawali, ni da ubanka shekara arba'in ba mu ɓoye ma juna komi ba. Kai ne madadinshi gare ni. In akwai abin da ke damunka, hwaɗa mani, ba ni da kowa da zan kai ma." Wallahi maganar ta zo mini har maƙogwaro. Na buɗe baki. Sai na ji kaina ina cewa, "Ba komi Baba, janareta ce ke ta ba ni wahala." Ya yi ɗan murmushi ya ce, "To, a duba mata fulogi." Ya miƙo ƙunshin kifi, na karɓa da hannu biyu. Kwana huɗu bayan nan Malam Iro ya zo mini ofis da kekensa.

An yi masa salla a ƙofar gidansa, jama'a har bakin titi. Na ga tsofaffin mata tsaye daga nesa waɗanda ya shekara yana gyara musu aci-balbal, na ga magina, na ga ma'aikata da suka baro ofis. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Mutane suna ta yi mini gaisuwa ta musamman, suna cewa ai kai ne ɗansa, kai ne ba ka taɓa fashin Juma'a ba. Kowace kalma sai na ji ta kamar mari.

Ranar addu'ar uku, da jama'a suka ragu, Inna Dije ta aiko in shiga ciki. Na yi sallama na durƙusa a bakin ɗakinta ina mata ta'aziyya. Ina ɗaga kai sai na ga wani farin abu kwance a kan buzun sallar Malam. Ta miƙe ta yi miƙa, na ga baƙin bakin jelar. Kunnenta ɗaya a yage, ƙafar baya tana ɗan ɗingishi, amma ita ce. Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba.

Inna ta ce, "Kwana tara ta yi a hanya, in an ƙirga daga randa Iro ya hangi motarka ta ɗauki hanyar Kano. Na zo daga asibiti ɗaukar kaya na iske ta bakin zaure, ƙashi da hwata, tana lasar kwaɗon ƙohwa. Ni kau da zahina na koma na hwaɗa mashi, na ce yau sai Lawal ya ji bakina. Ya ce in na yi maka magana bai yahe ba."

Na ce, "Inna, ashe duk Juma'ar nan..."

Ta ce, "Duk Juma'a. Da mun ji ƙarar motarka sai ya ce, Dije, shigar da ita ɗaki ki ja ƙyaure. Na ce mashi, Malam, wannan wace irin wahala ce, kana ba mutum kihi shina yi maka ƙarya? Ya ce, yaron nan ba mugu ba ne, rana ɗaya ce ta ɓace mashi. Zai hwaɗa da bakinshi, in muka riga shi mun ƙwace mashi ladar. Ya ce ƙwan fitila da tsumma ake goge shi, ba da guduma ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Har Juma'ar nan da ta wuce, da ka hita, ya ce mani saura kaɗan, Dije, yau har ya buɗe baki."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a rasuwar mahaifina. Ina ta cewa ta yafe mini. Ta ce ita ta yafe, shi kuwa tun ranar farko ya yafe, ya ce a faɗa mini haka in bai kai ba. Sannan ta tashi ta ɗauko wani ƙunshi a takarda daga cikin kwalla. Ta ce ranar Litinin da yamma ya zauna ya ɓare shi, na Juma'a mai zuwa ne, ya ce a ajiye wa Lawali.

Na kwance shi a nan inda nake zaune. Babu ƙaya ko ɗaya. Na ɗebo a tafin hannu na miƙa wa Lagwani. Ta matso ta shinshina yatsuna, ta ja da baya ta koma kan buzu. Sai da na zuba a murfin fitilarta na matsa can bakin ƙofa, sannan ta sauko ta ci. Ban ga laifinta ba. Na roƙi Inna ta bar ni in riƙa kawo kifin duk Juma'a, ta ce in kawo, amma in zauna in cire ƙayar da kaina. Da na koma gida na faɗa wa Binta komai, na kuma shiga sito na zaƙulo fitilar mahaifina daga bayan buhuna. Lagwaninta na nan yadda ya datse shi.

Na rubuta wannan ne domin waɗanda suka yi ta yabona a wurin makoki su san wanda ya cancanci yabon. Abin da ya jira wata uku in faɗa masa a zaure mu biyu, na kasa, yau ga shi na faɗa wa duniya, shi kuwa ba ya nan balle ya ji.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Malam Mamman, ka gafarta masa, ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Ka haskaka kabarinsa, shi da ya ƙare rayuwarsa yana gyara wa mutane abin da za su gani da shi. Ka sada shi da amininsa mahaifina a gidan Aljanna. Ka ba Inna Dije haƙuri da dangana, ka zama gatanta, ka ba mu ikon riƙe ta fiye da yadda na riƙe amanar farko. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani in tamu ta zo. Ya Ubangiji, bawan nan naka ya san aibina sarai, ya ja ƙyaure ya rufe shi har ya koma gare ka. Ka rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa mini a nan. Amin.